Fita shan iska da abokai a Bauchi: wane abinci ne ke jure hanya, wane ne ba ya jurewa?

Tambaya: Malam, mu samari bakwai ne a Bauchi, unguwa ɗaya muka taso. Duk ranar Lahadi mukan yi karo-karo mu sayi abinci da abin sha, mu tafi wani lambu ko gindin bishiyoyi a bayan gari mu zauna hira. A watan Afrilu mun sayi soyayyiyar shinkafa da haɗin salak da kunun aya wajen ƙarfe 1 na rana, muka bar su a but ɗin mota, ba mu zauna ci ba sai kusan ƙarfe 5. Kafin isha'i mutum uku sun kama amai. Yanzu wasu sun ce mai abincin ce ba ta da tsafta, wasu sun ce a daina fitar gaba ɗaya. A matsayinka na duba-gari, me ya faru, kuma yaya za mu ci gaba?

Amsa: Ƙanena, kada ku daina fitar nan. Samari bakwai da suka taso tare, har yau suna iya ware yammaci guda a mako su zauna a tabarma ɗaya su ci daga tire ɗaya, abu ne da ya kamata a riƙe da hannu bibbiyu. Aure da neman abinci za su rarraba ku nan gaba ko ba ku so, don haka kada ciwon cikin dare ɗaya ya riga su. Abin da ya same ku yana da dalili sananne, gyaransa kuma ba ya cin kuɗi.

Daga bayanin da ka yi, zargina ya fi ƙarfi a kan awa huɗun da abincin ya yi a but ɗin mota. Ban kawar da yiwuwar sakaci daga wajen mai abincin ba, zan zo kan wannan. Amma ko a gidanku aka dafa shinkafar nan, da hannun mahaifiyarka, muddin aka yi mata irin wannan ajiya a watan Afrilu, abin da ya faru zai iya faruwa.

Ƙwayoyin cutar da ke shiga abinci suna da yanayin da suke so. Ƙasa da digiri 5 a ma'aunin salshiyas, wato sanyin firji, hayayyafarsu takan tsaya ko ta yi jinkiri sosai. Sama da digiri 60, wato abinci yana tururi, ba sa iya yaɗuwa. Tsakanin waɗannan biyun ne filinsu, kuma da yawa daga cikinsu sun fi walawa a kusa da zafin jikin ɗan Adam, digiri 37. To, duba garinmu. A Maris da Afrilu da farkon Mayu zafin rana a Bauchi da Gombe yakan kai digiri 38 zuwa 40. Iskar bazara kanta daidai take da abin da ƙwayoyin nan ke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Mu kuwa watanni da yawa a shekara muna wuni sama da 32.

Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasu ƙwayoyin suna ninka yawansu duk minti 20. Yi lissafi da kanka: ƙwaya 1 za ta zama 8 cikin awa ɗaya, 64 cikin awa biyu, 4,096 cikin awa huɗu. Kuma ba da ƙwaya ɗaya ake farawa ba. Duk mai masa ta san wannan ko ba ta taɓa shiga aji ba. Ƙullun da ke daɗewa kafin ya tashi a hunturu, a bazara kafin ta ankara ya cika roba har ya yi tsami. Abin da zafi ke yi wa yis a cikin ƙullu shi yake yi wa ƙwayar cuta a cikin shinkafa, sai dai ƙullu yana nuna alama, shinkafar kuwa za ta iya zama da ƙamshinta da kyanta alhali ta riga ta cutu. Shinshinawa da ɗanɗanawa ba sa gano irin wannan.

Shinkafa tana da nata hatsari na musamman da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zaune a ƙasa, tana biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana iya lulluɓe kanta cikin wani ɓawo mai tauri da tafasa ba ya kashewa. Idan shinkafa ta dahu aka bar ta ta huce a hankali, ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta farka ta hayayyafa ta zuba guba. Gubar nan ba ta mutuwa da ɗumame. Ko an mayar da shinkafar wuta ta yi tururi, ƙwayar ce za ta mutu, gubar tana nan. Alamarta kuwa ita ce tashin zuciya da amai cikin awa 1 zuwa 5 bayan ci. Kun ci ƙarfe 5, amai ya zo kafin isha'i. Ka ga lissafin ya zauna. Soyayyiyar shinkafa ta fi shiga wannan matsala, domin sau da yawa tun da safe ake tafasa ta a ajiye, daga baya a soya. Kafin ta shigo hannunku ta riga ta ci wani ɓangare na lokacinta.

Wanda ake zargi na biyu shi ne salak ɗin. Kabeji da karas da kokumba ba sa ganin wuta, da hannu ake yanka su, a zuba bama da dafaffen ƙwai. Akwai wata ƙwayar, Staphylococcus aureus, da ke zama a fata da hancin mutane masu lafiya ƙalau. Idan ta sauka a abinci mai danshi ta sami zafi da lokaci, ita ma guba take zubawa, ita ma amai take kawowa cikin 'yan awanni. Ba tare da gwaji ba, ba wanda zai rantse wace ce daga cikin biyun. Abin da suka haɗu a kai shi ne duka biyun sai sun sami lokaci, ku kuma kun ba su. Dalilin da ya sa uku suka kamu huɗu suka tsira kuwa, guba ba ta bazuwa daidai a cikin abinci, robar wani ta fi ta wani, cin wani ya fi na wani, kuma jiki ya bambanta.

Game da mai abincin, ina roƙonku ku yi mata adalci. Mace ce da ke neman halalinta, ba ta san abincinta zai wuni a mota ba. Kada a ɓata mata suna a unguwa a kan zato. Amma duk inda za ku saya, akwai abin da ido zai duba. Abincin yana tururi lokacin da aka buɗe tukunya ko kular? An rufe shi daga ƙuda da ƙura? Da cokali ake zubawa ko da hannun da ke karɓar kuɗi? Ruwan wanke kwanuka ana sauya shi? Wurin yana da ciniki, har abinci na ƙarewa ana ɗora sabo? Wannan na ƙarshen ya fi fenti da tayil muhimmanci. Na fi amincewa da mai tanda a bakin titi da layi a gabanta, tana juya masa ana kwashewa, a kan gidan abinci mai ƙofar gilashi da shinkafar safe ke jiran mai saye har yamma.

Yanzu ga abin da za ku riƙa saye. Abinci ya kasu ta fuskar jure hanya, kuma abin da ke raba su shi ne danshi. Duk abin da ya bushe, ko aka soya shi ya ƙafe, ko ya sauko daga wuta yanzu, yana da sauƙi. Duk abin da yake da ruwa-ruwa, ko aka haɗa shi da hannu bayan ya huce, shi ne abin tsoro.

Mu a Bauchi Allah ya hutar da mu, domin abincin da aka san mu da shi ya dace da wannan fita. Masa tana soyuwa ciki da baya a tanda mai zafi, kuma za ka iya tsayawa a soya taka a gabanka. Raunin yana wajen miya. Miyar taushe da kabewa da gyaɗa da ganye da romon nama ba ta son zama ko kaɗan. Idan wurin da za ku zauna yana kusa, a zuba miyar tana tafasa a fulas ko ƙaramar kula, kada a zuba ta a kan masar sai an zauna. Idan da nisa, ku haƙura da miyar, ku ci da yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa, ko da zuma. Kada dai a manta masa ita ma shinkafa ce, ta yamma za a saya, ba ragowar ta safe ba.

Tsire da balangu su ne abokan tafiyarta. Ku sa mai nama ya mayar da shi wuta a gabanku har ya yi zafi sosai, ko da ya ce yanzu ya sauke. Ku ce a ƙulla albasa da tumatir da kabeji daban, yaji daban, domin ɗanyen kayan nan da aka yanka tun rana su ne ke jiƙa naman su kai masa abin da wuta ta riga ta kashe. Gara ma ku taho da albasarku da wuƙarku ku yanka a wurin. Balangu ya fi tsire ruwa da kitse, don haka shi za a fara ci. Gasasshiyar kaza a duba ta kusa da ƙashi, a cinya: idan da ja ko jini, ta koma wuta, domin kaza da ƙwai su ne gidan ƙwayar cutar Salmonella, wadda ita ba ta nuna kanta a daren, sai bayan awa 6 har zuwa wasu kwanaki, da zazzaɓi da gudawa. Kilishi da dambun nama kuwa an ƙafar da ruwansu, shi ya sa matafiya suka daɗe suna guzuri da su. Idan tafiya mai nisa ce, su ne naman da za a ɗauka.

Sai maganar abin naɗewa. Tawadar jarida tana narkewa a cikin mai ta shiga nama, takardar buhun siminti kuma ba don abinci aka yi ta ba. Ku tafi da kularku a zuba muku ciki. Amma a fahimci aikin kula: tana riƙe zafin da aka ba ta ne kawai. Idan aka zuba abinci yana tururi, aka cika ta, aka rufe, za ta kai ku. Idan aka zuba mai ɗumi-ɗumi, ta zama wurin reno, domin za ta tsare shi daidai a zafin da ƙwayoyin ke so. Dabara mai kyau ita ce a zuba mata tafasasshen ruwa na 'yan mintuna a zubar kafin a sa abinci, sannan a daina buɗe ta a hanya. Robar tekawe ba ta riƙe zafi, ɗaukar abinci kawai take yi. Farar nan mai kama da soso ma jihar Legas ta hana amfani da ita a Janairun 2024 saboda yadda take toshe magudanun ruwa.

Ƙosai da fanke da soyayyiyar awara da doya da dankali suna jure awa ɗaya zuwa biyu lafiya, idan ba a zuba musu miya ba. Gurasa, cincin, dubulan, alkaki, dabino, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, duk ba su da matsala. Dafaffen ƙwai a bar shi da ɓawonsa sai an zauna. Alale da shawarma da duk abin da bama ta shiga, ko dai a ci cikin awa guda ko a bar su. Masu son kwaɗon zogale su taho da kayan daban-daban a haɗa a wurin. Kankana a sayo ta guda, a wanke bayanta, a fasa ta a tabarma. Yankakkiyar da ke cikin leda a tire tun hantsi, da kankana da gwanda da abarba, ba ta cikin abin da zan ba ɗana.

Abin sha ya fi abinci yaudara, saboda idan yana da sanyi sai hankali ya kwanta. Kunun aya da kuka saya shi ne mafi rauni a duk abin shanmu. Ba a tafasa shi ko sau ɗaya. Aya ake jiƙawa, a markaɗa da dabino da kwakwa, a tace da ruwa, a ɗura. Duk abin da ke cikin ruwan, ko injin markaɗen, ko robar da aka ɗura, yana nan a ciki, ga zaƙi ga maiƙo. Idan sanyi ya sake shi, cikin 'yan awanni yake juyawa. Robar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ko kunun ya fara yauƙi, a zubar. Zoɓo ya fi shi juriya domin an tafasa shi kuma yana da tsami, amma abin da ake ƙara masa bayan an sauke, ruwan sirki da abarba da kokumba, shi ne abin dubawa. Kunun zaƙi yana tsakani. Fura kuwa, ku taho da ita a dunƙule, ku taho da yogot ko kindirmo mai sanyi daban, a dama a wurin. Ɗanyen nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar burusela mai kawo zazzaɓi, don haka a tambaya.

Ga abin da nake ba kowa shawara: wanda gidansu ke da firji mai aiki, a sa zoɓo ko kunun ayar tun daren Asabar su daskare, su zama su ne ƙanƙarar kular. Kafin ku zauna sun narke daidai sha, sun kuma sanyaya sauran kayan. Idan ƙanƙarar saye za ku yi amfani da ita, a jera robobin a cikinta, kada a fasa ta a jefa cikin abin sha. Ba ku san ruwan da aka daskarar ba, kuma daskarewa ba ta tabbatar da mutuwar ƙwayar taifot ko kwalara. Fiya wata a duba lambar NAFDAC, a wanke bakin ledar kafin a kai ta baki, domin hannu nawa da ruwan kula nawa ta ratsa. Robobin da ake tsintowa a sake ɗura kunu a ciki sai an san mai yin da irin wankinta.

Abin shan da na fi so wa masu irin wannan zama shi ne shayi. Ɗan kurfoti da gawayi da buta, citta da kanumfari da na'a-na'a. An tafasa shi a gabanka, babu sauran tambaya, kuma yana ja wa hira tsawo fiye da lemon kwalba. Sai dai a rani ciyawa a bushe take, a share wurin kafin a hura, a kashe garwashin da ruwa kafin a tashi.

Gyara mafi girma kuwa a tsarin ranar yake. Sayen abinci ya zama aiki na ƙarshe kafin zama. Ku yi sallar la'asar, mutum biyu ko uku su wuce da tabarma da ruwa su kama wuri, sauran su biya wajen mai masa da mai nama, a haɗu. Da isowar abinci a ci. Mun saba a fara hira da ɗaukar hoto da buga ludo, abinci yana gefe yana jira. Ku juya tsarin, a ci tukuna, hirar ta biyo baya da shayi da gyaɗa. A mota kuma abinci ya zauna a ciki tare da ku, a ƙasan kujera inda rana ba ta bugu, ba a but ba. Ku tashi kafin magariba, saboda sallah, saboda sauro, kuma bayan gari da duhu ba wurin zama ba ne.

A taho da buta da sabulu da jarkar ruwa. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, wani yana zuba wa wani, ya fi kwano ɗaya da mutum bakwai za su tsoma hannu a ciki, wanda na ƙarshe da dauɗar shida yake wankewa. Man goge hannu na kwalba yana taimakawa, amma ba ya aiki sosai a hannu mai maiƙo ko ƙasa.

Wurin zama ma a zaɓe shi. Idan lambun wani ne a nemi izini, a kuma bar masa mangwaronsa. Idan wurin shaƙatawa ne mai kuɗin shiga, a tambaya tun a ƙofa ko ana shiga da abincin waje. A nisanci juji da kwata da inda ake ɗaure dabbobi, domin ƙudan da ya tashi daga can a tirenku zai sauka. Dogon yaro da mangwaro da tsamiya suna da inuwa a bazara, gawo ma a rani yake ganye, kuka kuwa a lokacin ta zubar da nata. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a rufe komai. Da damina idan hadari ya taso da walƙiya kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, a shiga mota ko gini. A guji doguwar ciyawa da tarin duwatsu, domin yankinmu, musamman kudancin Gombe da wajajen Alkaleri, gidan kububuwa ne, shi ya sa aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti. Damina kuma ita ce lokacin kwalara. A 2021 Bauchi na cikin jihohin da annobar ta fi yi wa ɓarna a Najeriya, don haka a wannan lokaci a ninka kula da ruwa da ɗanyen ganye.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai, shi ne abin da ake bari a baya. Leda da robobi suna tafiya magudanun ruwa su toshe su, shanu da awaki suna haɗiye su su mutu da su a ciki. Ragowar abinci kuma tana kiran ɓera, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa. Bauchi tana cikin jihohin da cutar ta fi kamari, tare da Ondo da Edo, kuma a rani ta fi tashi, daidai lokacin da aka fi fita shan iska. Ma'aikatan BASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, ba za su bi kowane gindin bishiya ba. Ku taho da buhu ɗaya na shara ku koma da shi. Addininmu ya kira kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai biyan buƙatarsa a inuwar da mutane ke hutawa. Don haka kafin ku zaɓi wuri ku san inda mai buƙatar kewayawa zai je.

Almajirai za su zo, ku sa da su a lissafi tun wajen karo-karo. A sayi ƙarin masa da sunansu, a ba su tun farko tana da zafi. Kada a jira sai an tashi a miƙa wa yaro ragowar da ta wuni a rana, wadda kai ba za ka kai wa ƙaninka ba. Cikin yaro bai kai na babba ƙarfi ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 420,000 da gurɓataccen abinci ke kashewa a shekara, 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A karo-karon ma a sassauta. Wanda aljihunsa ya yi sanyi a wannan mako ya kawo tabarma ko ya dafa shayi, kada rashin kuɗi ya sa wani ya fara ƙirƙiro uzuri.

Idan wata rana kuka so faɗaɗa tafiyar, dokar lokaci tana ƙara tsanani. Dam ɗin Gubi yana kusa da gari, masa da tsire za su isa da zafinsu. Amma daga nan garin ke shan ruwa, ba wurin wanke kwano ko zubar da shara ba ne, kuma shiga ruwan dam, a Gubi ne ko a Dadin Kowa ta Gombe, yana da hatsarin nutsewa da na tsargiya. Gandun namun dajin Sumu da ke Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, tafiya ce ta wuni. Yankari ta fi nisa, fiye da kilomita 100 daga Bauchi, a bi hanyar Gombe a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi wata tafiyar a cikin daji kafin sansanin Wikki. Irin wannan tafiya ta kilishi ce da gurasa da dabino da lemo da ayaba da daskararren zoɓo. Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa kusan digiri 31 rani da damina, wanka a ciki daɗi ne, amma gwaggon birin wurin sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna shiga mota idan an bar gilashi a buɗe. Abinci ya zauna a rufe, kuma kada a ba su da gangan.

Idan duk da haka wani ya kamu, abin da ya fi buƙata ruwa ne. A sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis a haɗa yadda aka rubuta. Idan babu, lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. Irin aman da ya same ku yakan wuce cikin kwana guda. Kada a ruga a haɗiyi Flagyl da kafso ba tare da likita ba, guba ce ke aiki, maganin kashe ƙwayar cuta ba ya taɓa ta. Amma idan gudawa ta zo kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ya ƙi zama a ciki, ko fitsari ya ɗauke, ko abin ya wuce kwana uku, asibiti kai tsaye. Yaro da tsoho da mai juna biyu ba a jira da su.

Idan kuma wata rana kuka sayi abinci da zafinsa, kuka ci nan take, mutum biyu ko fiye suka kwanta da alamu iri ɗaya, to wannan karon maganar ta koma kan wurin sayen. Ku rubuta abin da kowa ya ci, da lokacin ci, da lokacin da ciwon ya fara, ku kai sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Da wannan bayanin ne duba-gari zai je ya duba ruwan wurin da ma'ajiyarsa da hannun masu aiki, a gyara kafin wasu su kamu.